Kabarin Mudathir Yana Nebraska

Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, biyu ne suka rayu: ni Memunatu, sai Mudathir, wanda na girme shi da shekara tara. An haife shi a Zongon Sokode, a ƙasar Togo, a 1987. Bayan yara uku da suka koma tun suna goye, Mma Fulera ba ta yarda ya yi nisa da idonta, amma ni na fi goya shi, domin ita tana wurin tuyar ƙosai tun da sassafe. A bayana ya koyi magana. Kalmar da ya fara faɗi da kyau ita ce Yaya.

Mahaifinmu, Alhaji Bukari, mahauci ne, kamar ubansa da kakansa. Yana da rumfa a babbar kasuwar Sokode. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan tun yanzu. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya komawa kansa. Da Mudathir ya kai shekara goma sha biyu, Baba ya tafi da shi mayanka, ya danƙa masa wuƙa. Yaron ya ga jinin sa yana gudu a kwata, ya juya ya yi amai a gaban mahauta. Aka yi dariya. Baba ya sake gwada shi sau biyu ko uku, bai canja ba, sai ya ƙyale shi. Bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ya dai daina kiransa kasuwa, kuma Mudathir ya ji wannan fiye da duka.

Abin da yake so inji ne. Duk rediyon da ya lalace a unguwa gidanmu ake kawowa. Yana da wushirya da dariya mai ƙarfi, kuma in ransa ya ɓaci in'ina ke kama shi, shi ya sa bai cika faɗa da kowa ba.

Ni na yi aure na koma Dapaong, can arewa, tafiyar kusan awa shida. Mijina Karimu direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Lome zuwa iyaka a Sinkase. Da Mudathir ya isa shiga lise, wato babbar sakandare, ya roƙi a bar shi ya zo wurina, Baba ya ce to. Shekara shida ya yi a gidana. Duk hutu yana gaban mota tare da Karimu, har ya iya tuƙa ta da baya ya shigar da ita lungun da tsofaffin direbobi ke tsoro. Karatu kuwa bai ba shi haɗin kai ba. Sau biyu ya zauna jarrabawar BAK ta gama sakandare, sau biyu ya faɗi. Ranar da sakamako na biyu ya fito, ya dawo ya zauna a ƙofar shagona, inda nake sayar da atamfa, ya yini a wurin har na rufe.

A lokacin samarin Togo duk hankalinsu na kan abin da muke kira loto biza, ƙuri'ar da Amurka ke yi duk shekara, wanda sunansa ya fito a ba shi izinin zama a can. Mudathir ya cika takardar a wani shagon intanet kusa da tasha, da wasa, don abokansa sun cika. Su tara ne, shi kaɗai sunansa ya fito. Na yi guɗa a tsakar gida ranar. Har yau in na tuna guɗar nan sai na ji kunyar kaina.

Ya tafi a farkon 2008. Mma ta daka masa yaji ta ƙulle a leda uku. A tashar Sokode, da mota za ta tashi zuwa Lome, ya durƙusa gaban Baba. Baba ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ka riƙe sallah." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Muna da kawu a can, Wahabu, ƙanen Mma, wanda ya daɗe a wani gari da ake kira Omaha a jihar Nebraska. Shi ya karɓe shi, ya samar masa aiki a inda shi ma yake. Bayan wata biyu Mudathir ya kira ni.

"Yaya, kin san aikin da nake yi?"

Na ce a'a.

"Nama," ya ce, yana dariya. "Kamfanin yanka shanu. Daga safe har yamma ina tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu, naman yana wucewa a gabana ba ya ƙarewa. Na ƙetare teku don in zo in yi abin da na gudu daga gare shi."

Na taya shi dariya, sai na ji tasa ta tsaya.

"Kada ki gaya wa Baba," ya ce.

Ya jure shekara ɗaya da rabi. Yatsunsa suka fara ƙagewa, ba ya iya dunƙule hannu da safe. Wata rana ya sake kira ya ce ya sa hannu a takardar shiga soja. Na zauna a kan buhun kaya. Ya yi ta lallashina. Ya ce za su ba shi takardar zama ɗan ƙasa, za su mayar da shi makaranta ya karanci aikin inji, kuma sun gwada shi sun ga ya iya mota.

"Tuƙi kawai zan yi, Yaya. Abin da nake yi da Karimu, shi ne dai."

"Karimu ba a harbinsa a hanya," na ce.



Na ɓoye maganar wata huɗu. Hoto ne ya tona ta. Wani ɗan unguwarmu da ya zo hutu daga Amurka ya kawo wa Mma hoton Mudathir cikin kaki, kansa a aske tas, yana murmushi. Mma ta ji daɗi, ta nuna wa Baba. Ina Sokode a makon, don haka a gabana aka yi. Baba ya ce in kira masa shi. Na kira, na miƙa masa wayar.

"Mudathiru, waɗanda za a tura ka wurinsu, in za su yi sallah ina suke fuskanta?"

Ina jin muryar ƙanena daga inda nake tsaye, in'ina ta kama shi. "Ba… ba harbi zan yi ba, Baba. Mota ce."

"In aka ce ka harba fa?"

Baba ya gyara riƙon wayar a kunnensa.

"Na tambaye ka."

Baba ya miƙo mini wayar, ya ɗauki butarsa ya fita. Daga ranar bai ƙara karɓar wayar Mudathir ba. In ya kira ranar sallah, Mma ce ke magana, ta ce Alhaji ya fita, alhali yana zaune a tabarma taku biyu daga ita. Mudathir ya sani. Kullum sai ya ce, "To, a gaishe shi."

A farkon 2011 aka tura rundunarsu Afganistan. Kiransa ya ragu, wani lokaci sai wata guda. Na ƙarshe ya zo a watan Mayu, ina shago da hantsi. Ya ce duwatsun ƙasar sun sa namu na Alejo, nan Togo, sun zama kamar suri. Ya ce ba ya barci sosai. Sai ya ba ni labarin wani tsoho da ya gani a wata kasuwa da suka tsaya, mahauci, ya rataye cinyar akuya yana korar ƙuda.

"Wallahi Yaya, kamar Baba. Har yadda yake riƙe wuƙa. Na yi masa sallama, ya amsa mini da kyau, sai ya dubi kayan jikina ya kawar da kai. Na koma mota na kasa tayar da ita."

Ya ce in faɗa wa Baba ya ga mai kama da shi, kuma yana sallarsa. Na ce zan faɗa. Ban faɗa ba. Na ce a raina sai na je Sokode, sai na ga fuskar Baba ta saki.

Wata Talata cikin watan Yuni, bayan azahar, Kawu Wahabu ya kira. Ya ce sojoji biyu sun zo ƙofarsa da safe cikin kayan ado. Ya ce motar da Mudathir ke tuƙawa ce a gaban jerin motoci, ta taka nakiyar da aka binne a hanya, sannan aka buɗe musu wuta daga kan dutse. Su uku ne a ciki, babu wanda ya fita. Ya ce ba zai iya faɗa wa yayarsa a waya ba, ni zan kai. Shekarar Mudathir ashirin da huɗu.

Washegari da asuba na shiga mota. Mango, Kara, Bafilo, ana ruwa, mutane na ta hira da cin gyaɗa, ni ina riƙe da maganar a bakina ina juya ta, ban sami yadda zan faɗe ta ba. Ashe ba sai na faɗa ba. Na shiga gida na tarar da Mma tana tsintar wake a faifai. Ta dube ni, ba kaya, ba sanarwa, ba yaro a baya. Ta ajiye faifan.

"Wa ya mutu?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Mudathir," ba da tambaya ba. Ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, tana buga cinyarta a hankali.

Aka aika kasuwa aka kira Baba. Ya shigo da rigar aikinsa, ya ji, ya yi salati, ya tsaya tsaye. Da la'asar Kawu ya sake kira, ya ce dole ya yi magana da Alhaji. Na sa wayar yadda kowa zai ji. Kawu ya ce kowane soja yana rubuta sunan wanda zai yanke shawara a kan gawarsa in ya mutu, kuma sunan Baba Mudathir ya rubuta. Ya ce hukuma a shirye take ta kawo shi har Lome in an so, amma zai ɗauki kamar mako biyu. In ba haka ba, a binne shi a maƙabartar sojoji a Nebraska.

Mma ta rarrafa ta kama gefen rigar Baba. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Alhaji, ka ce su kawo mini shi. Don Allah. Ko ban gan shi ba, in san inda yake."

Baba bai dube ta ba. Ya ce wa wayar, "Wahabu, ba a ajiye gawar Musulmi mako biyu. Ku binne shi can."

"Alhaji, ka yi tunani zuwa gobe," in ji Kawu.

"Na gama magana."

Mma ta saki rigar. Ta tashi ta shiga ɗaki.

An yi zaman makoki, an yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma mutane ba su cika ba kamar yadda aka saba a gidan Alhaji Bukari. Wasu sun zo sun yi ta'aziyya a tsaye. Na ji da kunnena wata mata a bakin rijiya tana cewa ai wanda ya je yaƙar Musulmi ya ga abin da ya gani. Wasu kuma suka ce yaro ne mai neman abinci, ba shi ya haɗa yaƙin ba. Mma ta aika aka kira limamin unguwa, ta tambaye shi daga bayan labule, "Malam, ɗana ina yake yanzu?" Ya ce Allah ne masani, kuma rahamarsa tana da faɗi, ta yawaita yi masa addu'a. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta ishe ta ba.

Binnewar ma ba a yi ta ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, saboda sai da aka ɗauko shi daga Afganistan. Wato kwana uku kacal Baba ya rage. Kawu ya ba mu labari. Akwatin a rufe yake, an ce kada a buɗe. Ba a yi masa wanka ba, ba a sa masa likkafani yadda muka sani ba. Wani limami ya zo daga Omaha tare da 'yan Togo tara, suka yi masa sallah a kan ciyawa. Sojoji suka harba bindiga sama, suka naɗe tutar da ke kan akwatin suka miƙa wa Kawu.

Shekara ta zagayo, Kawu ya zo gida da tutar da agogon Mudathir da wasu hotuna. Baba ya ce tutar ba za ta kwana a gidansa ba. Mma ta cusa ta cikin jakata, na tafi da ita Dapaong. Kawu ya ce akwai hanyar da za a bi iyaye su je su ga kabarin, shi zai yi duk takardun. Baba ya ce shi ba ya zuwa. Mma ta nemi izini ta je ita kaɗai, ya yi shiru, ita kuma ba ta iya fita a kan shiru ba.

Shekara biyar suka ƙara yi a gida ɗaya bayan rasuwar Mudathir. Tana dafa masa abinci, tana kai masa ruwan alwala, tana amsa gaisuwarsa. Bayan wannan ba na jin ta sake yi masa wata magana. Shi kuma ya rame, ya bar rumfa a hannun yaransa, ya koma zama a ƙofar masallaci daga sallah zuwa sallah.

A 2016 ɓarin jikinsa ya shanye. Na zo jinya. Wata rana da rana tsaka ina ba shi koko a cokali, ya kawar da baki, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Memuna, da yake kiranki, ya taɓa ambatona?"

Na ajiye kofin. Na ba shi labarin tsohon mahaucin nan na kasuwar Afganistan, da saƙon da aka ba ni. Ya saurara idonsa a rufe.

"Yaushe ya faɗa miki?"

"Wata ɗaya kafin ya rasu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Tsoro na ji, Baba."

Ya juyar da fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa mai lafiya tana rawa. Bai ƙara shan kokon ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Bayan kwana tara ya rasu. Ban sani ba ko da na kai saƙon a kan lokaci zai ce a kawo gawar. Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Da Mma ta fita takaba ta ce yanzu za ta je. Muka fara neman fasfo. Amma ciwon suga ya riga mu. Ƙafarta ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, aka yanke yatsu biyu, sannan idanunta suka fara dushewa har suka rufe. Likita ya ce ba za ta iya doguwar tafiya ba.

A 2019 Kawu ya ce zai je maƙabartar ya kira mu ta bidiyo. Tafiyar awa huɗu ce daga gidansa. Na zo Sokode musamman. Mma ta yi wanka, ta sa sabon mayafi, ta zauna a bakin gado tun azahar. Da kiran ya shigo na ga fili shimfiɗe, ciyawa kore, fararen duwatsu a jere har iyakar gani, duk iri ɗaya. Kawu ya matso da wayar kusa da ɗaya. Ga sunansa, ga jinjirin wata da tauraro a sama, ga shekaru biyu.

"Me kike gani?" in ji Mma.

Na faɗa mata.

"Akwai itace kusa da shi?"

"Babu, Mma."

"Su wa ke gefensa?"

Kawu ya karanto sunayen. Ba mu san irinsu ba.

"Wahabu, fuskarsa na duban gabas?"

Iska na kaɗawa a wayar. Ya ce, "Yaya, duk layin wuri ɗaya suke kallo. Ban sani ba."

Ta karɓi wayar daga hannuna, ta shafa gilashin da yatsa, ta kai shi kusa da bakinta. Ta ce, "Mudathir, ni ce." Ta jira kamar mai jiran amsa. Sai ta fara karanta Ƙulhuwallahu, ba ta kai ƙarshe ba kiran ya yanke. Muka yi ta gwadawa, ya ƙi shiga. Ta miƙo mini wayar ta ce in cire mata mayafin, zafi take ji.

Ta rasu a 2021, aka binne ta a Sokode. Bayan shekara biyu Kawu Wahabu ya gaji da sanyi da ciwon baya, ya tattara ya dawo gida. Shi kaɗai ne namu da ya san hanyar kabarin Mudathir. 'Yan Togon nan tara sun watse, wasu sun koma wasu jihohi, biyu sun mutu. Kawu ya ce kada in damu, akwai ma'aikata masu yanke ciyawa suna wanke duwatsun, wurin ya fi kowace maƙabarta da na sani tsabta. Na ce masa na ji.

Yanzu yaƙi ya iso mu ma. Tun da aka fara kai hare-hare a ƙauyukan iyaka, Dapaong ta cika da sojoji, manyan motocinsu na wucewa ta gaban shagona suna nufar gabas. Kwanakin baya ɗaya ta tsaya, direban ya sauko ya shigo ya ce yana son atamfa turmi ɗaya zai aika wa mahaifiyarsa a garin Camba. Bai fi shekara ashirin da biyu ba. Na zaɓa masa mai kyau na naɗe. Ya lura ina ta kallonsa, ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Mahaifiyarka ta san inda za a kai ka?"

Ya yi dariya ya ce ai ba a faɗa wa tsofaffi irin wannan, hankalinsu ne zai tashi. Ya sa atamfar a hammata ya fita, ya hau motarsa, suka bi hanyar Manduri, can bakin iyaka. Na rufe shagon tun kafin la'asar, na koma gida na kwanta.